Dalhatu Mai Rumfar Zaɓe

Malam Dalhatu na Unguwar Marke, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tsayawa takarar ko kansila ba, bai kuma taɓa riƙe katin wata jam'iyya ba. Matarsa Saudatu ta yi shekara talatin da wani abu a gidansa, amma ba ta san mutum ɗaya da ya taɓa dangwala wa ƙuri'a ba. Duk da haka, in ana hirar zaɓe a ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya a tashi ba a ambace shi ba. Manomi ne da damina, da rani kuma masaƙin zana. Dogo ne siriri, mai ɗan rankwafawa, kamar kullum yana shirin shiga ƙofar da ta yi masa gajarta. Ba shi da yawan magana, ba shi da faɗa. Sai dai in ya kafe a kan abu, gara a ce ka tura dutse.

Abin ya faro ne a zaɓen farko bayan soja sun koma bariki. Kafin nan mutanen Unguwar Marke garin Dabawa suke zuwa jefa ƙuri'a, wannan ne karon farko da aka ba su akwatin kansu. Garin a lokacin ba makaranta, ba ko shago mai rufin kwano. Gidaje ne kamar sittin, da masallacin ƙasa, da tsohuwar bishiyar marke da garin ya ci sunanta. Da hantsi sai ga a-kori-kura ta sauke wani malamin makaranta da akwati da tarin takardu. Ya buɗe wata takarda ya karanta da ƙarfi, “Rumfar zaɓe ta Unguwar Marke.” Ya ɗaga kai ya dubi jama'a. “Ina take?”

A wurin malamin, rumfar zaɓe suna ne kawai irin na gwamnati, wato duk inda aka ajiye akwati, ko gindin bishiya ne ko bakin masallaci. Amma mutanen gari ba su taɓa jin an ce rumfa ba tare da an ga dirka da zana ba. Aka yi tsuru-tsuru. Kunya ta kama dattawa: gwamnati ta aiko baƙo tana zaton suna da rumfa, ga shi ba su da ita. Marken kuwa ya kaɗe ganye, inuwarsa ba ta isa ta rufe akuya ba.

Dalhatu yana ɗan shekara talatin da 'yan kai a lokacin. Sai ya shiga gida ya kwance zana huɗu daga dangarsa, ya ɗauko dagi da igiyar rama. Kafin malamin ya gama jera takardunsa an kafa dirka shida, an ɗora zana, inuwa ta sauka. Har tsufanta Saudatu tana ba da labarin nan tana dariya. “Ina tsakar gida ina daka, na ɗaga kai sai na ga duk gari na kallona. Na ce, Malam, ina danga? Ya ce gwamnati ta ara.”

Tun daga ranar aikin ya zama nasa. Ba wanda ya sa shi. Duk kakar da ke gaban zaɓe, sai ya ware gamba mafi tsawo ya ajiye daban, ya ce wannan ta rumfa ce, ko wa ya zo saye ba ya sayarwa. A zaɓe na biyu ya ƙara wani ɗan lungu a kusurwar gabas, ya kewaye shi da zana har sama da kai, don mace ta shiga ta dangwala abinta ba idon miji a kanta. Wasu mazan sun yi gunaguni, ya yi kamar bai ji ba. Ranar zaɓe kuma tun da safe zai share wurin, ya yayyafa ruwa, ya kafa randa da moda a bakin shiga.

Dutsin-Ma da Kurfi kujera ɗaya suke rabawa a majalisar wakilai ta tarayya, don haka duk zaɓe akwai ja-in-ja: ɗan wane ɓangare ne zai tafi, a ƙarƙashin wace jam'iyya. Unguwar Marke kuwa gari ne mai fuska biyu. Kasuwarsu Dutsin-Ma, amma rabin iyayensu mata daga ƙasar Kurfi aka auro su, galibi daga ƙauyen Ɗantutture. Shi ya sa akwatinsu ba ya zama wuri ɗaya. Bana ya karkata nan, zaɓe na gaba ya juya can, kuma ratar ba ta wuce ƙuri'a bakwai ko goma sha ɗaya. Sannu a hankali sai 'yan siyasa suka lura da wani abu: duk wanda ya ci akwatin Marke, ko da ƙuri'a biyar ne, shi ke tafiya Abuja. Suka sa masa suna ma'auni. Da yammacin ranar zaɓe, kafin a gama haɗa sakamakon manyan unguwanni, wayoyi sun fara kuka ana tambaya, “Marke fa? Ina Marke ta faɗa?”

Saboda haka duk ɗan takara sai ya zo, kuma duk wanda ya zo a rumfar Dalhatu yake zama. Mutanen gari ba su cika riƙe sunayensu ba, da alkawarinsu suke kiransu. Akwai Mai Gada, wanda ya tsaya a bakin rafin da ke raba su da titi duk damina, ya rantse ba zai sake kwana a Abuja ba sai an yi gada. Ya aiko tifa guda ta tsakuwa. Awaki suka yi ta wasa a kanta har ruwa ya kwashe. Da zaɓe ya zagayo suka koma bayan Mai Fanfo, shi kam ya haƙa rijiyar burtsatse, an sha ruwa shekara biyu kafin kan fanfon ya karye. Bayan wasu shekaru sai ga Mai Gada ya dawo da hular wata jam'iyyar, suka sake ba shi. Da aka tambayi wani dattijo dalili, cewa ya yi, “Shi dai ya san inda rafin yake.”

Babban abokin Dalhatu shi ne Ilu, mai awon hatsi, wanda kuma taubashinsa ne, don uwar Dalhatu gwaggon Ilu ce. Tun suna yara ba su haɗu sun rabu ba tsiya ba. Ilu ɗan siyasa ne na baki, rediyo ba ya barin kunnensa. Duk lokacin da ya iske Dalhatu a kan dirka yana ɗaure zana sai ya tsaya a ƙasa ya riƙe ƙugu.

“Sarkin Rumfa, ranka ya daɗe. Bana sak za ka yi ko wake da shinkafa?” Wato jam'iyya ɗaya zai bi daga sama har ƙasa, ko cakuɗawa zai yi.

“Ni nawa inuwa ne. Wanda ya ci da wanda ya faɗi duk ƙarƙashinta suka zauna.”

“Kai dai faɗi gaskiya, ba ka gane hotunan. Inda yatsa ya faɗa nan ne.”

“Na ji. Kai da ka gane, ina gadar?”

Sau ɗaya ne ya taɓa buɗe wa Ilu cikinsa a kan abin da ya sa yake wahalar nan. Ya ce gwamnati kamar baƙon nesa take, sai ta shekara huɗu ta leƙo. In ta zo ba ta ga wurin zama ba, gaba za ta wuce, ba kuma za ta sake tambayar hanya ba. Ilu ya yi dariya, amma bai musa ba, don shi ma ya gani. Masu allurar yara in sun zo rumfar suke tambaya. Masu rubuta sunayen manoma a nan suke shimfiɗa takardunsu. Har Dalhatu ya daina kwance ta bayan zaɓe, sai dai ya sabunta abin da gara ta ci.

A zaɓen da aka fara zuwa da na'urar tantance yatsa ne ya haɗu da Martins, wani mutumin kudancin Kaduna da ke aiki a ofishin zaɓe na Dutsin-Ma, wanda aka turo ya zagaya ya duba yadda aiki ke tafiya. Ya iso daidai lokacin da na'ura ta ƙi yatsan Dalhatu. An goge, an sake ɗorawa, ta ƙi. Gamba ta cinye zanen yatsan tas, ya yi sumul kamar bayan cokali. Ilu na bayansa a layi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, “Ko na'ura ta san ba ka da alƙibla!”

Martins ya kama hannun ya jujjuya shi. “Baba, wane aiki kake yi da yatsan nan?”

Dalhatu ya nuna sama. Martins ya ɗaga kai, sai a lokacin ya lura da abin da yake tsaye a ƙarƙashinsa. Ya daɗe yana kallon saƙar. Sannan ya cike wata takarda da hannu, ya ba shi ƙuri'unsa, ya ce, “Yau na zagaya rumfa ta fi ashirin, Baba. Wannan ce kaɗai rumfa.” Daga nan suka saba. Duk kaka sai Dalhatu ya kai masa ɗan buhun gyaɗa ofis, shi kuma in ya hango shi ta taga sai ya fito da kansa ya tarbe shi.

Sai ɓarayin daji suka matso. Da farko shanu suke kora, aka ce Allah ya mayar da alheri. Daga baya suka ɗauki mata biyu a hanyar rijiya, suka harbe liman a gonarsa da rana tsaka. Da aka gama girbi, wanda rabinsa ma a gona aka bar shi, mutane suka fara tashi gida-gida. Wasu suka nufi dangin uwa a Kurfi, wasu Katsina, mafi yawa suka gangara Dutsin-Ma. Gidan Dalhatu na cikin uku na ƙarshe da suka tashi. Wan Saudatu ya samar musu wani kango a gefen gari, ba ƙofa ba taga, Dalhatu ya rufe su da zana. Ba a jima ba duk kangayen unguwar da 'yan gudun hijira suka rakuɓe a ciki suka zama da zanarsa a tagoginsu.

Ba ya son a ce masa ɗan gudun hijira. In an tambaye shi sai ya ce, “Mun ɗan matso ne.” Abin da ya riƙe a ransa shi ne zaɓe na tafe. 'Yan takara za su zo Marke kamar yadda suka saba, su ga gidaje ba kowa da idonsu, wanda ya ci kuma dole ya aiko da tsaro, don ba zai so ma'auni ya ɓace ba. Da wannan lissafin yake kwana, da shi yake tashi.

Saura wata guda zaɓe ya tafi ofis. Layin masu karɓar kati ya kai har titi. Martins ya hango shi ta taga.

“Baba Dalhatu! Na ji abin da ya same ku. Yaya Mama?”

“Lafiya lau, ɗana. Tambaya ɗaya na zo yi, ba ni tsayar da kai. Rumfarmu fa?”

Martins ya jawo wata doguwar takarda, ya bi ta da yatsa. “Tana nan, Baba. Lamba goma sha huɗu. Ba wanda ya taɓa ta.”

Gaskiya ya faɗa, don a ranar ba a ce komai a kanta ba. Dalhatu ya koma gida da sauri kamar saurayi, ya ciro gambar da ya ɗauko tun daga ƙauye ya ɓoye a kan katanga, ya fara saƙa.

Saura mako guda, mai unguwa Lado ya tara mutanen Marke a ƙofar kangonsa. Ya ce sanarwa ta zo: ƙauyukan da aka tashi, bana a wata firamare ta cikin gari za a ajiye akwatunansu, saboda ba a yarda a tura malaman zaɓe daji ba. Mutane suka yi ajiyar zuciya, wasu har da hamdala. Dalhatu ya miƙe.

“Ranka ya daɗe, Martins da bakinsa ya ce mini rumfarmu tana nan.”

“Tana nan mana, Malam Dalhatu. A takarda.”

“Rumfa a takarda? Wa ya taɓa shan inuwa a takarda?”

Aka kwashe da dariya, Ilu ya fi kowa. Amma Dalhatu bai zauna ba, har dariyar ta mutu don kanta.

“Ku ji ni da kyau,” in ji shi. “In akwatin nan ya kwana cikin gari sau ɗaya, ba shi komawa. Wanda ya ci ba shi sanin hanyar Marke. In kau ba wanda ya san hanya, wa zai aiko mana tsaro mu koma gida? Nan za mu mutu cikin kangayen mutane.”

Lado ya dubi ƙasa, ya ce shi dai saƙo aka ba shi.

Sau biyu Dalhatu ya koma ofis, sau biyu mai gadi yana ce masa Martins ya fita rabon kaya, ba a san lokacin dawowarsa ba. Ya dawo ya zauna a kan zanar da ya gama. Can ya ce wa Saudatu ya yanke shawara. In malaman zaɓe suka je ba su iske rumfa ba, mutanen Marke ne suka saki garinsu. In ya kafa ba su je ba, to, shi dai ya fita haƙƙi.

“Malam, don Allah don Annabi. Liman fa da rana suka harbe shi.”

“Da rana zan tahi, da rana zan dawo.”

“Shi ma ai da ranar ya tahi.”

Ta aika aka kira Ilu ya hana shi. Ilu ya zo ya zage shi tas, ya kira shi tsohon banza, ya ce kan jaki ya fi nasa laushi. Da ya ga ba ta canja zani ba, sai ya sunkuya ya naɗe zana biyu ya ɗora a kansa. “In na bar ka kai ɗaya, gwaggo ba ta yafe mini cikin kabari. Wuce mu tahi.”

Ranar Alhamis ce. Ɗan acaɓa ya sauke su a bakin rafi ya juya ko sallama bai tsaya yi ba. Suka ƙarasa da ƙafa. Garin ya yi tsit, ko kukan kaza babu. An ɓalle ƙofofin gidaje, rumbuna uku sun ƙone, ciyawa ta bushe a tsakar masallaci. Tsohuwar rumfa ta zube, dirka biyu ne kawai a tsaye. Dalhatu bai leƙa gidansa ba, ko kallon wajen bai yi ba. Ya ajiye kaya ya kama dagi. Ilu ya fara da tsiya kamar kullum, yana cewa bana ƙadangaru ne za su yi sak, amma muryarsa ta yi masa ƙara da yawa a garin da ba kowa, sai ya yi shiru ya ci gaba da miƙa igiya. Kafin la'asar rumfa ta tsaya, har da lungun gabas. Suka dawo Dutsin-Ma.

Ranar Asabar, ranar zaɓe, an hana ababen hawa fita. Dalhatu na idar da sallar asuba ya ɗauki jarkar ruwa da moda da tabarma, ya sa katinsa a aljihun gaba, ya kama hanya da ƙafa. Saudatu ta bi shi har bakin titi tana roƙo, sannan ta tsaya, don ta san mijinta. Ya isa da hantsi. Ya share wurin, ya yayyafa ɗan ruwa, ya shimfiɗa tabarma inda malaman zaɓe suka saba zama. Shi kuma ya koma gefe ya zauna a ƙasa, fuskarsa na kallon hanyar rafi.

Rana ta take. Ya yi azahar a nan. Bai daɗe da sallamewa ba ya ji ƙarar inji daga nesa. Bawan Allah, ya miƙe da sauri, ya gyara hularsa, ya kakkaɓe tabarmar da ba ƙura a kanta. Sai dai ƙarar ba daga wajen rafi take zuwa ba, daga daji ne. Babur ɗaya ne, samari biyu a kai, kowanne da bindiga rataye.

Suka tsaya suna kallonsa. Na gaban ya ce, “Tsoho, mi kake yi nan?”

“Malaman zaɓe nake jira.”

Suka dubi juna suka fashe da dariya. “Au, yau ne zaɓen?” Suka sauka suka shigo inuwa, suka zauna a kan tabarmar. Na bayan ya nuna jarka da bakin bindiga. Dalhatu ya zuba ruwa a moda ya miƙa, har da bismillah, don bakinsa ya riga ya saba. Suka sha suka ƙoshi. Ɗayan ya tashi ya shiga lungun gabas, ya fito yana ɗaga babban yatsa.

“Na jefa tawa.”

“Wa ka zaɓa?” in ji ɗan'uwansa.

“Kaina mana.”

Na gaban ya kama dirka ya girgiza, ta ƙi motsi. Ya ɗaga kai ya dubi saƙar. “Aikin nan ya yi kyau, tsoho. Ka bar mana ita, zafi ya taho.” Da za su hau babur ya waiwayo. “Ka tashi kafin la'asar. Waɗanda ke bayanmu ba su da wasa irin namu.”

Bai tashi ba. Daga baya ya gaya wa Ilu cewa ba bindigogin ne suka tsaya masa a rai ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne, shekara ashirin da huɗu yana shimfiɗa tabarmar nan, ga waɗanda suka zauna a kanta ta ƙarshe, kuma da hannunsa ya ba su ruwa.

Bayan la'asar Ilu ya iso a kan keken aro, gumi ya jiƙa masa riga. Ya jefar da keken ya tsaya yana haki.

“Tashi mu tahi.”

“Suna hanya?”

“Ba su tahowa, Dalhatu. An gama. An ƙirga.”

Dalhatu ya dubi hannun Ilu, ya ga tawada a farcensa. Ya daɗe yana kallonta. “Mutum nawa?”

“Talatin da ɗaya.” A akwatin da ke da suna sama da ɗari huɗu.

“An bugo waya an tambayi Marke?”

Ilu ya so ya yi masa ƙarya, ya kasa. “Ba wanda ya tambaya. Wakilin jam'iyya ɗaya ne ya sa hannu a namu da na ƙauyuka biyu, ko sunan garin bai iya faɗa daidai ba.”

Dalhatu ya ciro 'yar wuƙarsa ya nufi dirkar farko, don kada ya bar wa mutanen nan inuwa. Ya ɗora wuƙar a kan igiya. Ilu na tsaye yana jira. Bai yanke igiyar ba. Bai taɓa rushe rumfa da hannunsa ba, ya rasa ta inda ake farawa. Ya mayar da wuƙar aljihu. Ilu ya ɗora shi a bayan keke kamar kayan awo, suka bar ta a tsaye. Wannan ne zaɓen farko da bai jefa ƙuri'a ba. Da sakamako ya fito, wanda ya ci akwatin Marke ba shi ne ya tafi Abuja ba. In ban da Dalhatu da Ilu, ba wanda ya lura.

Tun daga tafiyar nan jikinsa bai koma daidai ba. Ciwon kai ya kama shi, ƙafafu suka kumbura, a asibiti aka ce jininsa ya hau. Ya daina saƙa. Da Martins ya ji labari ya zo dubiya da ledar lemo, ya durƙusa a bakin tabarma ya kasa ɗaga ido.

“Baba, ni na ce maka tana nan. Wallahi ban san haka za ka ɗauka ba.”

“Ba ka yi ƙarya ba, ɗana. Zauna da kyau.” Ya yi tari. “Gaya mini, ƙaƙa ake mayar da akwati garinsu?”

“Sai mutane sun koma, Baba.”

“Mutane kau sai an kai tsaro.”

“Haka ne.”

“Tsaro sai mai kujera ya tuna da mu. Shi kuma ba shi tunawa sai ya ga akwati.”

Dalhatu ya jira, yana kallon Martins da irin kallon da yaro ke yi wa malami, ko akwai wata ƙofa a cikin takardun da shi bai sani ba. Da ya ga babu, sai ya juya ya ce wa Saudatu ta kawo wa baƙo ruwa.

Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a farkon damina. Maganarsa ta ƙarshe da Ilu tambaya ce, ko ruwan jiya ya kai Marke, ko ƙasa ta yi shuka. Ilu ya ce ya kai, alhali bai sani ba. A maƙabartar Dutsin-Ma aka rufe shi, cikin mutanen da bai sani ba. Martins ya zo zaman makoki kwana uku a jere, yana zama a ƙarshen tabarma, ba ya cewa komai sai “Allah ya ba da haƙuri.” Ilu kuwa, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya yi wata guda bai kunna rediyo ba.

Da aka sake buɗe rajista, aka ce duk wanda ya canja wurin zama yana iya mayar da katinsa rumfar da ke kusa da shi. Mutanen Marke suka yi layi. Ba laifinsu ba ne, yara sun shiga makarantun gari, wasu sun kama 'yan sana'o'i, ba wanda zai ci jira. Lado ya mayar da nasa. Saudatu ta yi mako biyu tana kuka, sannan ita ma ta je, don ƙafafunta ba sa kai ta firamaren nan mai nisa. Ranar da aka rufe rajista, Ilu ya leƙa ofis ya roƙi Martins ya duba masa lamba goma sha huɗu. Suna goma sha ɗaya ne suka rage a ƙarƙashinta. Shida daga ciki sun riga mu gidan gaskiya, ba wanda ya kai rahoto. Dalhatu na cikinsu.

Martins ya ce in an kawo shaidar rasuwa, sai a cire su. Ilu ya ce ya ji. Har yau bai kai ba, nasa katin ma bai mayar ba, kuma in aka tambaye shi me yake jira ba ya iya faɗa.

Allah ka yi wa Dalhatu rahama, ka yalwata masa makwanci, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka dubi waɗanda ya bari a kangayen mutane.